Lissafi a kan tabarma a Tondibiya

Tondibiya, da ke bakin kogin Isa a arewa maso yammacin Yamai, an fi saninta da barikin soja. Sunan kuwa na Zabarmanci ne: "tondi" dutse, "bi" baƙi. Abin dariya ne a ce a garin dutse uwa ta rasa abin da za ta koya wa ɗanta ƙirga da shi.

Yanzu dai wasu iyaye sun ɗauki yayin koya wa ɗan shekara uku ko huɗu lissafi a gida kafin ya shiga lakwal, da kayan da zai taɓa da hannunsa. Tushen dabarar na Maria Montessori ne, likitar Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907. Duwatsun ado take bai wa yaro: ƙwaya ɗaya, sanda mai goma, faifai mai ɗari, dunƙule mai dubu. Yaro ya ɗaga dubu ya ji nauyinta tun bai san yadda ake rubuta ta ba.

Dabarar ta yi. Inda gizo ke saƙa shi ne zaton sai an sayo kwalin kaya mai tsada daga waje. Tsinken tsintsiya goma a ɗaure da zare ya maye gurbin sandar nan. Ƙwallon dabino, marfin kwalba da duwatsun carafke duk suna ƙirguwa, sai dai a sa ido kada ƙaramin ƙane ya kai su baki.

Akwai kuma darasin da babu kwalin da ke ɗauke da shi, wato dala. A kasuwar Nijar dala ɗaya tamma biyar ce, don haka kuɗin da aka buga wa 100 sunansa dala ashirin, mai 25 kuma dala biyar. Yaron da ake aike sayen ƙosai zai ga lamba ɗaya a jikin ƙarfe, ya ji wata daban a bakin mai tuya, sannan malamin aji ya zo masa da Faransanci. Nan yara da yawa ke rikicewa. Uwar da ta jera tsakuwa biyar-biyar a kan tabarma, ta ce da ɗanta kowane kashi dala ɗaya ne, ta soma warware masa wannan ƙulli. Kashi biyar ya kai kuɗin ƙarfe mai 25, sai ta ɗora masa shi a tafin hannu ya kwatanta da tsakuwa ashirin da biyar da ke gabansa.