Yadda Ɗalibi Ke Fito da Murya daga Rubutun Tailan

Ɗalibin da ya zauna koyon rubutun harshen Tai, ko a Jami'ar Chulalongkorn da ke Bankok ko a makarantar INALCO ta Faris, da fensir da littafi mai layi yake farawa. Baƙaƙen 44 ne, kuma kusan kowanne yana da ɗan zagaye da masu harshen ke kira kai. Daga nan hannu ke tashi. A zana kan tukuna, sannan a ja sauran jikin harafin, yawanci ba tare da ɗaga fensir ba. Akwai haruffan da ba abin da ya raba su sai inda kan ya fuskanta, ciki ko waje, shi ya sa mai gaggawa kan rubuta abin da bai nufa ba. Kowane baƙi yana da abin da ake tuna shi da shi: na farko na kaza ne, na biyu na ƙwai, akwai na ɓauna, na ƙarshe kuma na mujiya.

Wasula ba su da mazauni ɗaya. Wani yana gaban baƙi, wani bayansa, wani bisa, wani ƙasa, wani ma ya kewaye shi ta gefe uku. Kuma ba a barin fili tsakanin kalma da kalma, ido ne ke koyon inda zai yanka.

Duk wannan share fage ne. Ainihin gwanintar tana wajen karin sauti, wato hawa da saukar murya da ke sauya ma'ana. Bahaushe ya san abin a bakinsa, tunda murya ce ke raba kukan yaro da kukar miya, sai dai bokonmu ba ya nuna bambancin, mai karatu ne ke ganewa daga zancen. Harshen Tai na Bankok yana da kari biyar: matsakaici, na ƙasa, mai faɗuwa, na sama, da mai tashi. Rubutunsa yana nuna kowanne, amma sai wanda ya iya lissafin zai gani.

Tambayoyi huɗu ɗalibi ke yi wa kowace gaɓa. Ta farko, baƙin da ya buɗe ta ɗan wane aji ne? An kasa baƙaƙen gida uku: 9 ajin tsakiya, 11 ajin sama, 24 ajin ƙasa, kuma ba makawa sai an haddace. Ta biyu, gaɓar rayayya ce ko matacciya? Rayayya ita ce wadda za a iya jan ƙarshenta, kamar mai ƙarewa da dogon wasali ko da "m" ko "n". Matacciya kuwa numfashi ne ke tsinkewa a kanta, a "p", "t", "k" ko gajeren wasali. Ta uku, wasalin dogo ne ko gajere? Ta huɗu, akwai ɗaya daga alamomin kari huɗu a bisanta?

A ɗauki "maa". Harafin "m" ɗan ajin ƙasa ne, wasalin dogo, gaɓar rayayya, ba alama: murya ta tsaya tsakiya, ma'anar ita ce zuwa. A ɗora masa alama ta biyu, mai suna mai tho, murya ta hau sama, ya zama doki. A cire alamar, a sa wani "h" na ajin sama a gabansa wanda ba a furta shi, aikinsa kawai ya ara wa "m" ajinsa, sai murya ta taso daga ƙasa, ya zama kare. Wannan mai tho ɗin kuma, in ta hau baƙin ajin tsakiya ko na sama, kari mai faɗuwa take bayarwa. Da farko ɗalibi yakan tsaya a kan kowace gaɓa yana ƙirga da yatsu. Wanda ya jure wannan tsayuwar kullum, wata rana sai ya ji bakinsa ya riga lissafin. Wanda ya jingina da rubutun boko na littattafan 'yan yawon buɗe ido kuwa, yana iya shekara a Bankok allon kanti na gagararsa.

A jami'a ne ake sanin dalilin wannan wahala, kuma a ganina nan karatun ya fi daɗi. Rubutun ya samo asali daga na Kemar, wanda shi ma daga Indiya tushensa yake. Dutsen Sarki Ramkhamhaeng na Sukhothai ya ce sarkin ne ya tsara haruffan a 1283, ko da yake masana sun yi muhawara kan sahihancin dutsen. A wancan zamani harafin ɓauna "g" ake furta shi, sauti mai ziza, wato wanda maƙogwaro ke kaɗawa wajen fitar da shi, na ƙwai kuma marar ziza ne. Daga baya furucinsu ya zama ɗaya, sai bambancin ya koma kan kari. Ajujuwan nan uku sawun tsohon furuci ne da rubutu ya riƙe.

Wani masani Ba'amurke, William Gedney na Jami'ar Michigan, ya mai da wannan sani kayan aiki a 1972. Ya zana jadawali mai gida 20, layi huɗu bisa irin baƙin farko, ginshiƙi biyar bisa tsohon kari da yanayin gaɓa, ya zuba wa kowane gida kalmomin yau da kullum: kunne, ƙafa, shekara, ido, tauraro, hannu, gonar shinkafa. Mai bincike ya ɗauki takardar da na'urar ɗaukar murya ya tafi ƙauyen da ake magana da wani harshe na dangin Tai, a arewacin Tailan ko Lawos ko ƙasar Shan ta Miyanma ko wajen mutanen Zhuang a kudancin Sin. Yakan guji furta kalmar da kansa, don kada dattijon da ke gabansa ya kwaikwaye shi. Sai ya nuna kunnensa, ya jira, ya nemi a maimaita, ya saurara, ya ja layi tsakanin gidajen da muryarsu ta bambanta. Kafin ya tashi, ya san kari nawa garin ke da shi da inda ya rabu da maƙwabtansa. A Chiang Mai ta arewacin Tailan zai samu shida. Zai kuma ji "shekara" da "ido" sun bi muryar "kunne", alhali a Bankok muryar "hannu" suke bi.