Jinjina ga Masu Tsaron Kufena

Yamma da birnin Zariya, dab da Wusasa, Dutsen Kufena ya tsaya da ragowar ganuwar ƙasa kewaye da gindinsa. Tarihin baka ya ce daga Turunku masu mulkin Zazzau suka taso suka zauna nan, kafin sarauta ta koma Zariya a zamanin zuriyar Bakwa Turunku.

Jinjinata ga manoman ƙauyukan da ke gefen dutsen. Manomi yana huɗa ya ci karo da kaskon tukunya ko kashin maƙera, ya ajiye shi gefe maimakon ya farfasa. Ya iso tudun ganuwa, ya karkatar da garmarsa, alhali ƙasar nan jar ƙasa ce mai kyau da magina ke kwaɗayi. Ba wanda ke biyansa ko sisi.

Su ne kuma ke yi wa malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello jagora idan sun zo haƙa, suna nuna musu kufai da tsofaffin duwatsun niƙa. Ya kamata hukumar kayan tarihi ta ɗauki wasunsu aikin gadi, domin masu fasa dutse suna ta matsowa.