Suna linzami ne

Mai karatu, ka lura da kalma guda. Littattafan masu tonon kufai a Amurka sun daɗe suna kiran maginan tsofaffin garuruwan Arizona "Anasazi". Kalmar Nabaho ce, ana fassara ta "kakannin abokan gaba". Su Hopi kuwa Hisatsinom suke ce musu, watau mutanen dauri. A wurinsu, kufan nan sawun kakanni ne, kaburburansu na ciki. Daga 1935 zuwa 1939 masanan Harvard sun tone garin Awatobi. Sai a 1990 doka ta ba ƙabilu ikon karɓo ƙasusuwan kakanninsu. In aka raɗa wa kakanka sunan baƙo, tone kabarinsa ba ya wuya. In littafi ya ce kufai ba mai shi, tambayi jikoki tukuna.