Jinjina ga Masu Ɗiban Nara a Hamadar Namib

Hamadar Namib a bakin Tekun Atlantika take, amma sama ta yi mata rowar ruwa, sai hazon da sanyin igiyar Benguela ke turowa da asuba. A nan, gefen Kogin Kuiseb da ke shafe yawancin shekara a bushe, 'yan ƙabilar Topnaar suke ɗiban nara, wata 'yar kankana mai ƙaya wadda saiwarta ke nutsawa har ta tarar da ruwa. Su kutsa cikin ƙaya da sanda, su dafa naman a ganga, su tace 'ya'yan, su shanya sauran bisa yashi ya zama guzuri. Dila ma na da rabonsa, shi ke yaɗa irin. Sannunku da aiki, mutanen Kuiseb!