Waƙar Da Ba Ta Tsufa

'Yar'uwa, me ya sa wata waƙar take gundurarki cikin mako guda, wata kuwa ko sau ɗari kika ji sai kin ƙara? Ni dai a gidan biki nan Bagwai na gane. An yi ta sa waƙoƙin fiyano, mata na ta hirarsu. Ana saka Barmani Coge, har tsofaffi suka miƙe, alhali ta rasu tun 2013. Kiɗanta na ƙwarya ne, abin ɗakin kowa. Amshinta gajere, nan da nan baki ya kama. Zancenta kuwa namu ne: kishiya, haihuwa, sana'a. Waƙar da ta bar miki gurbin amsawa, ita ce ba ta tsufa.