Mayun Gambaga: Mafaka ko Kurkuku?

Fim ɗin Yaba Badoe na 2010, The Witches of Gambaga, ya kamata a nuna shi a ikilisiyoyinmu na Buokrom. Ya nuna matan arewacin Gana da aka kora bisa zargin maita, suna zaune a hannun sarki Gambarana. Akan yanka kaza, yadda ta faɗi shi ne hukunci. Ƙarfin fim ɗin shi ne matan da bakinsu suke magana. Lalle wurin yana ceton rai, gama a 2020 an kashe tsohuwa Akua Denteh a Kafaba kan irin wannan zargi. Amma zaman can kansa yakan tabbatar wa jama'a da zargin. 'Yan'uwa, an tsare wadda aka zarga. Mai zargin fa, wa ya tambaye shi?