Masu Gyaran Magana da Yaran Zongon Yamai

A unguwar Zongo ta birnin Yamai, inda yaro ke tashi da Hausa a gida, da Zabarmanci a kasuwa, da Faransanci a lakwal, aikin masu gyaran magana ya cancanci jinjina, wato ma'aikatan da suka karanci lalurorin furuci da harshe da ji, irin su in'ina, da jinkirin buɗe baki, da ɗaukewar magana bayan shanyewar ɓarin jiki. Da yake Nijar tana cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa, kuma cutar kan bar kurumta a bayanta, buƙatarsu ba ƙarama ba ce. Ta fuskar horar da su kuwa, makarantar ma'aikatan jinya ta Lome, a ƙasar Togo, ta buɗe wannan fanni a 2003, inda ɗalibi ke shekara uku yana nazarin ƙirar kunne da maƙogwaro, da ilimin sautuka, da dabarun gwajin ji. Sai dai wahalar takan biyo bayan kammala karatu, domin yawancin kayan gwajin da Faransanci aka tsara su, don haka ma'aikaci da kansa yake nemo kalmomin Hausa da zai auna furucin yaro da su, yana lura da tsawon wasali da karin sauti, sannan ya zauna ya koya wa uwa atisayen da za ta riƙa yi wa ɗanta a gida.